Ba Ma Kwana a Garin da Aka Kashe Mu

Shekara ashirin da wani abu maigidana yana shigowa gida da magana ɗaya a bakinsa. Zai yi sallama, ya zauna a kujerar bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi, ni kuma in ɗaga murya daga kicin in ce, "Sannu da zuwa, Injiniya. Yaya aiki?" Shi kuma ya ce, "Babu kisa." Ko dusar ƙanƙara ta tsare shi a cunkoson motoci tsakanin Washington da Lanham, ko shugabansa a ofis ya ɓata masa rai, amsar ba ta canzawa. Yaranmu uku da aka haifa a nan, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su mayar maka da Turanci, wannan maganar kam sun riƙe ta daram. Autarmu ta taɓa fitowa daga wurin likitan haƙori da kumatu a kumbure, ta dube ni ta ce, "Umma, babu kisa."

Mutane da yawa suna faɗarta ba su san daga inda ta fito ba. Za a yi cacar baki a taron suna, a tambayi yadda aka ƙare, wani ya ce an tashi babu kisa. Na ji ta a bakin likitoci 'yan gayu a Springfield, waɗanda ko leƙa filin dambe ba su taɓa yi ba, in ma ka ce musu maganar mahauta ce sai su yatsine fuska. Ni kuwa na san gidanta, domin a can na fara jin ta, ina yarinya ina tallar dafaffiyar gyaɗa a Wudil.

In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai a share fili a bayan kwata, inda mahauta ke yanka. 'Yan dambe su zo daga gari-gari da makaɗansu, kalangu yana tashi tun la'asar. Kowa ya naɗe hannu ɗaya da ƙyalle, a bi shi da zare a ɗaure tamau har ya koma kamar kan taɓarya. Ɗaya hannun a buɗe yake a gaba, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi, wato karo uku. In aka bugi mutum har hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, to an yi kisa. Ba mutuwa ya yi ba, zai tashi ya kakkaɓe jikinsa, amma wasan ya ƙare nan take, ba mai jiran ya sake shiri. In kuwa aka gama turmi uku kowa yana kan ƙafarsa, sai alƙali ya shiga tsakani ya raba su ya ce babu kisa. Ba a ce ka ci ba, ba a kuma ce ba ka sha duka ba. An dai shaida cewa ba ka kai ƙasa ba.

A wannan filin na fara ganin mutumin da zan aura, ban kuma san shi ne ba. Ɗan mahauta ne daga ƙasar Katsina, kakansa shago, babansa shago, wato gwanayen da ake ji da su. Shi dogon yaro ne siriri ɗan sakandare, in an yi hutu yake bin su yawon dambe. Ranar aka haɗa shi da wani bahago, a turmi na biyu bahagon ya sauke masa ɗaya a kunne, sai ga shi a durƙushe. Abin da ya ba garinmu mamaki shi ne, kafin magariba su duka sun naɗe tabarminsu sun nufi tasha. An dafa musu tuwo a gidan sarkin fawa, ko kallon kwanon ba su yi ba. Aka tambaya, tsohonsu ya ce su a gidansu ba sa kwana a garin da aka kashe nasu.

Sauran 'yan dambe ba haka suke ba, kada wani ya ce na yi wa sana'ar ƙarya. A kashe mutum yau, gobe ya sake naɗi a fili ɗaya. Wannan dai taurin kan gidansu ne, sun mayar da shi gado. Bayan shekaru muka haɗu a Zariya, yana karatun injiniya ina karatun jinya. Ranar ɗaurin aurenmu da hantsi ya iso Wudil, kafin rana ta faɗi ya bar garin. Har mahaifina ya koma ga Allah, surukinsa bai taɓa kwana a gidansa ba. Da ina ba ƙawayena wannan labarin muna dariya, domin ban taɓa tunanin zai biyo ni Amurka ba.

Bara ne, lokacin da kamfanonin da ke yi wa gwamnati kwantiragi suka shiga rage ma'aikata. Ina hutu a gida, ina gyaran zogale, na ji ƙarar mukulli da azahar. Ya shigo rungume da kwali, hoton yara da kofin shayinsa a sama. Ya zauna a kujerar nan, bai taɓa igiyar takalminsa ba. Na daure na yi tambayar da na saba.

"Yaya aiki?"

"Yau an yi kisa," ya ce.

Na ce masa Allah ya sa haka ne mafi alheri, ai ba shi kaɗai aka sallama ba, ni ma ina aiki, ba za mu kwana da yunwa ba. Ya gyaɗa kai kamar yana ji. Da dare ya yi, maimakon ya hau sama ɗakinmu, sai ya shimfiɗa darduma a falo, ya jingina da kujera da kayansa a jikinsa. Na ce ya zo ya kwanta. Ya ce shi ba kwana yake yi ba, jira yake. Washegari ya sauko da babbar akwatin da muka zo da ita ƙasar nan ya ajiye ta kusa da dardumar. Daga ranar bai sake hawa matakalar nan ba sai in wanka zai yi.

Na yi ta lallashi mako da makonni, ni da ba a san ni da lallashi ba. Na yi masa dambun nama, na kira masa aminansa, na sa limaminmu ya yi masa nasiha bayan Juma'a. Kowa ya zo zai karɓe shi da fara'a, ya ce ai ba komai, ƙaddara ce, kuma ya karɓa. Abin da ya ƙi karɓa shi ne ya ci gaba da zama. Sai wata safiya na dawo daga asibiti na tarar da allon sayar da gida a kafe a kan ciyawarmu, daidai inda nake shuka yakuwa da bazara.

Ko jakata ban ajiye ba. Na kama allon nan da hannu biyu na jijjiga shi har ya tuge, na ja shi zuwa gareji na wurga. Dillalin da ya kafa shi wani ɗan Kumasi ne da ke zaune a Fort Washington, mutumin kirki, muna haɗuwa a masallaci. Ya zo da yamma yana murza hannu, da Hausarsu wadda ba ta raba mace da namiji.

"Hajiya, ka yi haƙuri, Alhaji ne ya ce na kafa."

"Alhajin ya gaya maka da sunana a takardar gidan?"

"Ya ce za ka sa hannu."

"To ka je ka jira. In ka ga na sa hannu, ka zo da allo goma."

Da ya tafi na juya kan maigidan. Na ce masa sau ɗaya aka ɗauko ni kamar ƙunshin kaya aka kawo ni ƙasar nan, kuma na yarda, domin ina yarinya kuma ina son sa. Na zo da takardar jinya aka ce ba ta da amfani, na koma aji da 'yan yara, na yi shekaru ina wanke tsofaffin mutane ina juya su a gado kafin a yarda ni nas ce. Ban ce an kashe ni ba. Yanzu da furfura a kaina, da yara a makaranta, ba wanda zai sake ƙulle ni a ɗankwali ya saɓa a kafaɗa. Ya saurare ni har na gama, domin shi bai iya faɗa da baki ba, abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan.

"Ban ce dole ki biyo ni ba," ya ce. "Ki riƙe gidan. Ni dai ba zan zauna a inda aka kai ni ƙasa ba."

Wannan maganar ta fi allon zafi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, na kuma ji haushin kaina da nake jin tsoron.

Ana cikin haka wani yaro da ya taɓa koya wa aiki, wanda yanzu ya zama babba a wani ƙaramin kamfani a Springfield, ya kira shi ya ce ya zo intabiyu ranar Litinin. Aikin bai kai nasa na da ba, kuma a ƙarƙashin yaron zai zauna. Na ce masa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya ce wanda ya yi wannan karin maganar bai taɓa shiga fili ba. Ya ƙara da cewa ranar Litinin ɗin ma yana da abin yi, zai je ya yanki tikitin Kano.

Yanzu sai in kawo maganar 'yar farinmu, domin ba don ita ba da ban san yadda za a ƙare ba. Tana jami'a a nan kusa, tana kwana a gida. Shekara biyu kafin wannan ta shiga wani gidan motsa jiki don ta rage ƙiba, ashe a bayan wurin akwai wani tsoho Baƙar fatar Amurka da ke koyar da damben zamani. Ta leƙa sau ɗaya, ba ta sake komawa wajen injin gudu ba. Matan unguwa sun yi ta magana, wata har ta ja ni gefe a walima ta ce wa zai auri mace mai naushi. Na ce mata wanda ba ya da niyyar a naushe shi. Yarinya tana sa ɗankwalinta, tana sa dogon wando, tana sallarta, jikar shago ce ta wajen uba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Uban kuwa bai hana ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Dalili biyu ne. Na farko, 'yar fari ce, kuma shi har yau yana mata alkunya irin ta mutanen da: ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "yarinyar nan", ba ya yabonta a gaban mutane, in tana falo da ƙawayenta sai ya tsallake. Na biyu, ya raina damben zamani raini mai tsanani. In ya gan shi a talabijin sai ya tsaki ya canza tasha. Ya ce wane irin dambe ne za a buge ƙato ya faɗi, a tsaya a kansa ana ƙirga masa kamar ana ƙirga awaki, ya tashi ba kunya ya ci gaba. A wurinsa wanda ya tashi bayan ya faɗi bai san mutuncin kansa ba.

Wasanta na farko a gaban jama'a ya faɗo ranar Asabar, kwana biyu kafin Litinin ɗin nan. Na yi niyyar in ja shi ko da tsiya, amma ta riga ni. Da safe ta sauko da ƙyallayen naɗinta a hannu, ta durƙusa a gefen dardumarsa ta gaishe shi. Sannan ta haɗa Hausar da take da ita, tana tuntuɓe a kan kowace kalma.

"Baba, ka zo. Kai za ka naɗa mini."

A gidansu ba a roƙon mutum naɗi ya ƙi, ni ce na gaya mata haka, ba na kuma neman gafarar kowa. Ya dubi bango ya ce mini, "Ki gaya wa yarinyar nan ta jira ni a mota."

Wurin wani zauren wasanni ne na unguwa, an kafa dandamali mai igiyoyi a tsakiya, an jera kujerun ƙarfe. Ba kalangu, ba kirari, sai waƙar samari da ke fita daga lasifika da warin soyayyen dankali. A wani lungu ya zauna ya kama hannunta na dama. Rabon da ya riƙe hannun yarinyar nan tun tana koyon tafiya. Yatsunsa suka tuna abin da ya bari shekara arba'in, yana zagaya ƙyallen yana ja, yana motsa baki da addu'a. Da ya gama ya ɗaure, ya sake ta, ya miƙe zai tafi. Ta miƙo masa na hagu.

"Baba, biyu ne."

"Biyu? To da me za ki kare?"

"Da su duka."

Ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, ya zauna ya naɗa na biyun. Kocinta, tsohon nan, ya zo ya latsa naɗin, ya ce ya yi tauri da yawa, sai an sassauta kafin a yarda ta sa safar dambe. Ya tambayi maigidan inda ya koyi wannan ɗauri. Maigidan ya ce a wurin babansa.

Abokiyar karawarta wata gajeriya ce mai faɗin kafaɗa daga Baltimore, ta riga ta yi wasanni da dama. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, tun da na gan ta na san za a sha wuya. Turmin farko yarinyata ta yi ta zagaye tana kai hannu, ta samu ta taɓa ta sau da yawa. Ni ina tsaye ina ihu da Hausa, wata Baturiya a gabana tana ta waiwaye, ban kula ta ba. Maigidan yana zaune ƙiƙam, hannu a kan gwiwa, sai dai na lura kafaɗarsa ta dama tana motsi duk sanda aka kai naushi.

A turmi na biyu gajeriyar nan ta shige mata ƙasa ta ɗago da ɗaya a haɓa. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ƙafafun yarinyata suka lanƙwashe, ta sauka a kan gwiwa ɗaya, safarta a ƙasa.

Kafin alƙali ya buɗe baki, maigidan ya miƙe. Ya gyara zaman hularsa, ya juya wa dandamalin baya, ya bi tsakanin kujeru ya nufi ƙofa, ba gudu ba sanɗa. Ya san ana ƙirge, wa bai sani ba? Amma ƙafarsa ta gidansu ce. A wurinsu in naka ya faɗi ba ka tsayawa ka zuba masa ido, sai ka kau da kai ka rufa masa asiri, ka je ka fara naɗe tabarma. Shi a ganinsa kara yake mata.

Na rasa wanda zan bi. Na tsaya da ɗankwalina a hannu, ban san sanda na cire shi ba. Alƙali yana nuna mata yatsu yana ƙirgawa. Ita kuwa ba ta yi hanzarin tashi ba. Ta dubi kocinta, ya yi mata alama da tafin hannu ta dakata, ta ja numfashi, ta sake ja. Ta juyo ta dubi kujerunmu, ta ga ta ubanta ba kowa. Wannan kallon har gobe ban yafe masa shi duka ba. Da aka kai takwas ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗaga safarta ta nuna wa alƙali, ya duba idonta ya ce a ci gaba.

Sai da na ji ƙararrawar ƙarshen turmin sannan na kwasa a guje. Takalmina ɗaya ya fita a bakin ƙofa, ban koma masa ba. Na same shi a wajen ajiye motoci, ya buɗe but ɗin motarmu yana gyara wurin da za a sa jakarta.

"Injiniya! Me kake yi a nan?"

"Ina jiran ku. Ki je ki taho da ita ta ƙofar baya, kada ta bi ta cikin mutane."

"Wa za a taho da ita? Tana can tana dambe!"

"An yi kisa, na gani da idona."

"Ka ga faɗuwa, ba ka tsaya ka ga sauran ba. Kullum haka kake! Ta ɗago ta neme ka, ta ga kujera. Wallahi in ba ka koma ba, ba sai Litinin ba, yau zan kai ka filin jirgi da kaina, kuma ba zan yi kuka ba."

Ƙarya nake, ina maganar ina kuka. Na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi a bainar jama'a ba, na ja. Wasu samari da ke shan taba a jikin mota suka bi mu da kallo, mace da takalmi ɗaya tana jan dattijo. Bai yi gardama ba, bai kuma taimaka ba, haka na shigar da shi kamar ragon layya.

Mun tarar an fara turmi na uku. Bai koma kujera ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Hancin yarinyar yana jini, ƙafarta ta yi nauyi, gajeriyar tana ta matsa ta jikin igiya. Duk sanda na ce ta tafi sai in ga ta manne, ta ture, ta mayar da ɗaya. Can na ji wata murya a bayana wadda rabona da ita tun filin bayan kwata. Maigidana ne, mai alkunya, ya dunƙule hannu yana kiran sunan 'yarsa ta fari da ƙarfi a gaban Turawa, yana cewa ta ɗaga garkuwa. Ban sani ba ko ta ji. Ni dai na ji.

Ba ta ci ba. Da aka gama alƙali ya ɗaga hannun gajeriyar, kuma gaskiya ita ta ci. Yarinyata ta sauko da leɓe a fashe, ta zo ta tsaya a gaban ubanta ta miƙa masa hannu biyu, domin wanda ya naɗa shi ke kwancewa. Ya sunkuya yana warware ƙyallen a hankali.

"Baba," ta ce, "babu kisa."

"An yi kisa," ya ce, bai ɗago ba. "Gwiwarki ta taɓa ƙasa."

Ta amsa da Turanci, domin Hausarta ta ƙare. Ta ce ta sani, ita ce ta ji zafin. Ta ce da ta duba ba ta gan shi ba ta so ta zauna a wurin, sai ta tuna kocinta ya ce ƙirgen nan nata ne, ba na alƙali ba, an ba ta ne ta huta ta tashi. Ta ce Asabar ta sama za ta koma horo, kuma a wannan zauren za ta sake karawa in an ba ta dama. Ya gama kwancewa, ya ninke ƙyallayen da jininta a jiki ya sa a aljihunsa.

Ranar Lahadi bai yi magana ba, ni ma ban yi ba. Na gaji da roƙo, na kuma rantse a raina ba zan sake ba. Na dai goge farar rigarsa ta zuwa ofis na rataye ta a jikin ƙofar falo, daidai saitin dardumarsa, inda ba yadda zai yi ya ɗaga kai bai gan ta ba.

Litinin da safe ina haɗa shayi ya leƙo kicin. Rigar tana jikinsa, amma fasfo ɗinsa yana leƙowa daga aljihun gaba. Ya tsaya yana kallon butar shayi.

"Har nawa suke ƙirgawa?"

"Ka fi ni sani. Goma."

"Ni yanzu ina nawa?"

"Tara," na ce. "Kuma a gidan nan ni ce alƙali. Sai na ga dama zan ce goma, ka je ka kai ƙara."

Ya kusa yin dariya, ya danne. Ya sha shayinsa a tsaye ya fita. Ban tambaye shi ko Springfield za shi ko wurin masu tikiti ba, girman kaina bai bar ni ba. Na wuni ina goge abin da na riga na goge, na ƙona miya, na yi wa autarmu faɗa a kan abin da ba ita ta yi ba.

Da la'asar sakaliya na ji mukulli. Ya yi sallama, ya zauna a kujerar bakin ƙofa. Wannan karon ban tsaya a kicin ba, na zo na tsaya a kansa da ludayi a hannu.

"Yaya aiki?"

Ya kwance igiyar takalmi ɗaya, ya cire, ya kwance ɗayan.

"Yaron da na koya wa riƙe ma'auni ya tambaye ni ko na iya aiki da sababbin na'urori," ya ce. "A gaban wasu yara biyu."

"Ka ce masa me?"

"Na ce masa zan koya."

Na jira ya faɗi maganar da ya saba, bai faɗa ba, har yau kuma bai sake faɗarta ba. Mutum ne da ba ya ƙarya a kan dambe. Ya ce sun ce ya koma ranar Laraba su ƙarasa magana, ba su yi masa alkawarin komai ba. Ya ce har yanzu damben zamani damben banza ne, kada in ɗauka ya canza ra'ayi. Na ce na ji, ya wanke hannu ga tuwo.

Bayan isha'i ina ɗaki ina ninke kaya, na ji yana naɗe dardumar falo. Sai na ji takunsa a matakala, a hankali, yana jan babbar akwatin nan tana bugun kowane tsani. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya dubi gadon da ya bari wata da watanni.

"Ni ne na farko a gidanmu," ya ce. "Allah ya sa tsoho ya yafe mini."

"In bai yafe ba ka turo shi wurina," na ce, na janye kayan daga gefensa na gado.